Lauya a Ingila: Aikinsa, da Yadda Za Ka Kai Ƙorafinsa Idan Ya Saɓa

Tun daga 1 ga Afrilun 2023, wanda lauya ya yi wa sakaci da aiki a Ingila ko Wales shekara ɗaya tak gare shi ya kai kuka gaban Legal Ombudsman, hukumar da ke sauraren irin wannan ƙorafi. Kafin nan shekara 6 ce. Wannan ragi ya fi cutar da irinmu, waɗanda aka rena da kawaici da jin nauyin mai ilimi, har muke ganin rubuta wa lauya takardar ƙorafi rashin kunya ne. Sai mutum ya shafe watanni yana kira ba a ɗauka, ya koma neman wanda ya haɗa su ya sa baki, daga nan ya ce ya bar wa Allah, ranar da zai dawo kan maganar wa'adi ya riga ya wuce. Ga shi kuwa 'yan'uwanmu sun yawaita a can: ma'aikatan jinya, masu kula da tsofaffi, likitoci, ɗalibai da iyalansu. Da wuya a samu wanda ba zai bi ta hannun lauya ba, ko don biza, ko sayen gida, ko rikici da wurin aiki, ko mutuwar aure, ko gado.

Wa ka ɗauka tukuna?

A Najeriya, duk wanda aka rantsar a matsayin lauya barista ne kuma solisita ne a lokaci guda. A Ingila an raba aikin gida biyu. Solisita shi ne wanda kake zuwa ofishinsa: shi zai ji bayaninka, ya ba ka shawara, ya tsara takardu, ya yi musayar wasiƙu da ɗaya ɓangaren, ya riƙe kuɗinka, ya kammala cinikin gida, ya bi kadin dukiyar mamaci. Barista ya fi tsayawa gaban alƙali, kuma galibi solisita ne ke nemo shi idan magana ta yi nauyi, ko da yake solisitoci da yawa suna tsayawa da kansu a ƙananan kotuna. Tun 2021 sabuwar hanyar zama solisita ita ce cin jarrabawar SQE tare da shekara 2 ta koyon aiki.

Hukumar da ke sa ido a kansu ita ce Solicitors Regulation Authority, wadda kowa ke kira SRA. An kafa ta a 2007, babban ofishinta yana Birmingham. Akwai kuma Law Society, tsohuwar ƙungiya tun 1825, amma ita wakiliyar lauyoyin ce, ba can ake kai ƙorafi ba. Mutane da dama suna ɓata makonni suna rubuta mata. Baristoci kuwa Bar Standards Board ce ke kula da su.

Kafin ka ba wa kowa ko fam ɗaya, shiga shafin SRA na intanet ka duba rajistar solisitoci. Kyauta ne, minti biyu ya isa. Za ka ga ko mutumin yana da lasisin aiki, wane ofishi yake, da ko an taɓa hukunta shi. Ka gwada lambar waya da adireshin da ke rajistar da waɗanda aka ba ka, domin 'yan damfara suna aron sunan ofisoshin gaskiya. Mutum ya kira kansa solisita alhali ba shi ba ne laifi ne a dokar Solicitors Act ta 1974. Haka nan ba da shawarar shige da fice ba tare da izini ba laifi ne a dokar shige da fice da neman mafaka ta 1999. Wanda ba lauya ba dole ne ya yi rajista da hukumar da a da ake kira OISC, wadda ta koma Immigration Advice Authority a Janairun 2025.

Na tsaya a nan ne saboda duk kariyar da zan lissafa a ƙasa ta rataya ne a kan wannan dubawar. Idan wanda ya karɓi kuɗinka wani ne da aka ce "ya san kan takardu", wanda ake haɗuwa da shi bayan Juma'a ko a zauren WhatsApp, ba shi da rajista ko'ina, to babu hukumar lauyoyin da za ta tilasta masa ya mayar maka da kuɗinka, babu inshora, babu asusun diyya. Abin da ya rage maka shi ne 'yan sanda ko kotu.

Takardar farko da maganar kuɗi

Da zarar kun shirya, ofishin zai aiko maka da wasiƙar yarjejeniya. Yawancinmu muna sa hannu ba mu karanta ba, alhali ita ce ma'aunin da za a auna ƙorafinka da shi daga baya. A cikinta za ka ga wane ne zai yi aikin, wa ke duba shi, me aikin ya ƙunsa da me bai ƙunsa ba, nawa za ka biya, da yadda ake ƙorafi. Ƙa'idar SRA ta wajabta musu sanar da kai a rubuce, tun farkon hulɗa, cewa kana da haƙƙin yin ƙorafi da kuma inda za ka kai shi.

Ka tambaya ƙarara: wannan adadin ƙayyadadde ne, ko ƙiyasi ne? Idan da awa ake biya, nawa ne awar, kuma za a sanar da ni kafin a wuce abin da aka ƙiyasta? Harajin VAT na kashi 20 cikin 100 yana ciki? Kuɗin da za a biya wa wasu, kamar kuɗin neman biza da na kiwon lafiya da ake biyan Home Office, wato ma'aikatar cikin gida mai kula da biza, ko kuɗin kotu, ko na barista, suna ciki ko daban suke? Tun Disambar 2018 doka ta sa ofisoshi su wallafa farashin wasu ayyuka a shafukansu, ciki har da cinikin gida da gado da yawancin ayyukan biza, don haka kana iya kwatantawa kafin ka zaɓa.

Kuɗin da ka ba lauya ajiya, kamar kuɗin sayen gida, amana ne, kuma a asusu na daban ake ajiye shi, ba a haɗa shi da kuɗin ofis. Kada ka taɓa tura kuɗi asusun mutum ɗaya da sunansa, kada ka ba da tsaba ba rasit. Idan ana tsakiyar cinikin gida sai imel ya zo yana cewa an sauya lambar asusu, tsaya, kira ofishin ta lambar da ka riga ka sani. Wannan tsohuwar damfara ce da ta cinye wa mutane kuɗin gida ɗungurungum. Idan kuma lauya ya matsa maka da tambayar inda ka samo kuɗin da aka turo daga Kano ko Yamai, ba raini ba ne, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2017 ce ta ɗora masa. Wannan ba abin ƙorafi ba ne, tanadi takardun banki da na sayar da fili ko na gado tun da wuri.

Mataki na farko: ceci maganarka kafin ka yi faɗa

Ƙorafi ba ya tsayar da wa'adin shari'arka. Idan Home Office ta ƙi amincewa da buƙatarka kana cikin ƙasar, kuma kana da damar ɗaukaka ƙara, galibi kwana 14 ne kawai. Idan bizarka za ta ƙare kuma ba a shigar da sabuwar buƙata kafin ranar ba, ka zama wanda ya wuce wa'adin zama, kuma wannan tabo yana bin mutum shekaru. Babu hukumar ƙorafin da za ta gyara maka wannan a kan lokaci. Saboda haka idan ka ga alamar an kwantar da aikinka, ka fara neman amsar tambayoyi uku a rubuce: an shigar da takarduna, yaushe, ina shaidar? Lauyan da ya shigar yana da lambar shaida ko wasiƙar karɓa, kuma ba shi da dalilin ɓoye maka.

Idan amsa ba ta zo ba kuma rana tana ƙaratowa, nemi wani lauyan yau. Kana da ikon sauya lauya duk lokacin da ka so. Sabon zai sa ka rattaba hannu a takardar izini, ya nemi a miƙo masa fayil ɗinka. Ka sani cewa doka ta ba tsohon damar riƙe fayil idan yana binka kuɗi, amma ko a haka kana iya neman kwafin bayanan da suka shafe ka ƙarƙashin dokar kare bayanai, kyauta, kuma wata ɗaya suke da shi su amsa. Wanda ba shi da halin biyan sabon lauya ya fara da ƙungiyar ba da shawara kyauta ta Citizens Advice ko cibiyar ba da shawarar shari'a kyauta ta unguwarsu.

Mataki na biyu: gane irin cutar da aka yi maka

Ciwon haƙori ba a kai shi wurin mai ɗori. Ƙofofi huɗu ne a nan, kuma wanda ya ƙwanƙwasa wadda ba tasa ba zai yi watanni yana jira a ce masa ya koma baya.

Idan matsalar rashin kyawun aiki ce, wato jinkiri, ƙin amsa waya da wasiƙa, ɓatar da takardu, ƙin bin umarninka, ko kuɗi ya ninka ba a gaya maka ba, wannan na ofishin ne da farko, sannan Legal Ombudsman. Idan rashin gaskiya ne, wato ya ci kuɗin amana, ya yi maka ƙarya, ya ƙirƙiri takarda, ya tona asirinka, ya wulaƙanta ka saboda launin fatarka ko addininka, wannan na SRA ne. Idan kuskurensa ya jawo maka babbar asara, wannan ƙarar sakaci ce a kotu. Idan kuma yawan kuɗin da ya caje ka ne kawai, akwai hanya ta musamman da alƙali zai duba lissafin. Magana ɗaya tana iya shiga ƙofa biyu, ba laifi ka bi su tare.

Akwai abin da ba ƙorafi ba ne, kuma gara a faɗe shi. Ka faɗi shari'a ba ya nuna lauya ya yi laifi. Lauyan da ya gaya maka gaskiya mai ɗaci, cewa maganarka ba ta da ƙarfi, ya yi aikinsa ne. Wanda ya ƙi ƙara gishiri a labarinka ya kiyaye ka ne: a 2023 SRA ta rufe ofisoshin lauyoyi uku bayan binciken jaridar Daily Mail kan ƙirƙirar labaran neman mafaka, kuma duk wanda aka kama da ƙarya a takardar biza, shi ne zai ɗanɗana kuɗarsa kafin lauyan.

Mataki na uku: rubuta wa ofishin

Wannan shi ne matakin da ya fi yi mana nauyi, kuma shi ne ba a tsallakewa. Legal Ombudsman ba za ta saurare ka ba sai ka fara ba ofishin dama. Kiran waya da roƙo da aika dattijo suna da amfaninsu, amma ba sa barin shaida. Ranar da ka aika rubutaccen ƙorafi ita ce ranar da za a fara ƙirga musu mako 8.

Duba wasiƙar yarjejeniya ko shafin ofishin ka ga sunan wanda ke karɓar ƙorafi. Galibi wani babba ne daban da mai yi maka aikin. Idan lauyan shi kaɗai ne a ofishinsa, shi ɗin za ka rubuta wa. Da Turanci za a rubuta, don haka idan hannunka bai faɗa ba, nemi wanda ka yarda da shi ya taya ka, amma ka tabbata ka fahimci kowane layi.

A saman takardar ka rubuta ƙarara cewa wannan ƙorafi ne a hukumance, ka sa lambar fayil ɗinka. Sannan ka jero abin da ya faru bi da bi, da kwanan wata. Maimakon ka ce "kun yi watsi da ni", ka ce ranar kaza na biya fam kaza, ranar kaza aka yi mini alƙawarin za a shigar da takardu cikin mako biyu, na aiko imel ranar kaza da kaza da kaza ba amsa. Raba koke-kokenka, kowanne da lambarsa, kada su wuce waɗanda za ka iya kawo wa shaida. Uku masu ƙarfi sun fi goma da aka cakuɗa da fushi. Ka faɗi abin da sakacin ya jawo maka: kuɗin da ka yi asara da rasit ɗinsa, aikin da ya kuɓuce, tafiyar da ka fasa, rashin barcin da iyalinka suka yi. A ƙarshe ka faɗi abin da kake so a yi, ko a kammala aikin zuwa rana kaza, ko a rage kuɗi, ko a mayar da fam kaza, ko a ba ka fayil ɗinka, ko a nemi gafara a rubuce. Wanda bai faɗi abin da yake so ba, abin da aka ga dama za a ba shi.

Ban da zagi, ban da barazana, ban da tsinuwa. Ka ɗauka cewa baƙon da bai san ka ba, bai san lauyan ba, shi zai karanta takardar nan gaba, domin haka za a yi. Aika ta imel, ka ajiye kwafi, ka ɗauki hoton saƙonnin WhatsApp kafin su ɓace. Duk maganar da kuka yi ta waya bayan haka, ka bi ta da gajeren imel mai cewa ga abin da muka tattauna yau.

Abubuwa biyu da ya kamata su kwantar maka da hankali. Ba a yarda ofishi ya caje ka kuɗin duba ƙorafinka ba. Ba a kuma yarda ya hana ka kai rahoto ga SRA ba, ko da a cikin sharuɗɗan sulhu ne. Na san da yawa cikin masu biza suna tsoron kada ƙorafi ya taɓa zamansu a ƙasar. Waɗannan hukumomi daban suke da Home Office, ba su ke yanke hukuncin biza ba, kuma wajibin riƙe sirrinka yana nan kan lauyan ko bayan kun ɓata.

Cikin makonnin 8 ɗin ofishin zai aiko da amsarsa ta ƙarshe. Idan sun yi tayi, auna shi da idon basira. Idan tayin ya yi daidai da cutar, karɓa ya fi, domin Legal Ombudsman tana da ikon rufe maganar idan ta ga an riga an yi maka tayi na adalci ka ƙi. Idan bai kai ba, ko makonni 8 sun cika shiru, hanya ta buɗe.

Mataki na huɗu: Legal Ombudsman

Dokar Legal Services Act ta 2007 ce ta samar da wannan hukuma, ta fara aiki a Oktoban 2010. Ba ta lauyoyi ba ce, ba kotu ba ce, kuma ba za ka biya komai ba. Ba ka buƙatar lauya, kana ma iya wakilta ɗan'uwa ko aboki ya yi magana a madadinka. Tana sauraren ƙorafi kan solisitoci da baristoci da sauran masu lasisin aikin shari'a a Ingila da Wales. Wanda ke zaune a Najeriya ko Nijar amma lauyan Ingila ya ɗauka, shi ma ƙofarsa ce. Sai dai ta waɗanda aka yi wa aikin ce, da magada a maganar gado, da ƙananan 'yan kasuwa da ƙananan ƙungiyoyi. Ba za ka kai mata lauyan abokin shari'arka ba.

Wa'adi biyu ne, kuma dole ka cika duka. Na ɗaya, wata 6 daga ranar amsar ƙarshe ta ofishin. Na biyu, shekara 1 daga ranar da abin ya faru, ko daga ranar da ya kamata a ce ka gane akwai matsala. Lura da wannan "ya kamata": ba ranar da ka haƙura da jira ake dubawa ba, ranar da mai hankali zai farga ake dubawa. Hukumar tana da ikon sassautawa idan ta ga adalci ya buƙaci haka, amma kada ka jingina da wannan. Rubuta ranakun biyu ka manna inda za ka riƙa gani.

Za ka cike fom a shafinsu, ka haɗa da kwafin ƙorafinka da amsar ofishin. Kwafi kawai, kada ka aika takardun asali. Galibi za su fara gwada sasanta ku da wuri. Idan bai yiwu ba sai a miƙa wa mai bincike, kuma a nan sai an yi haƙuri, don layin yana da tsawo, jira yakan kai watanni. Mai binciken zai nemi fayil daga ofishin, ya ji ɓangarorin biyu, ya faɗi abin da ya gani. Tambayar da yake amsawa ita ce ko aikin da aka yi maka ya kai mizanin da ya dace, idan bai kai ba me hakan ya jawo maka. Idan ba ka yarda da ra'ayinsa ba, kada ka tsaya kan "ban yarda ba". Nuna inda ya yi kuskure ko shaidar da ya tsallake, sai a kai wa babban jami'i ya yanke hukuncin ƙarshe.

Hukumar tana iya sa ofishi ya nemi gafara, ya gyara ko ya kammala aiki, ya mayar da takardu, ya rage ko ya mayar da kuɗi, ya biya diyya har fam 50,000. Wannan adadin iyaka ce, ba abin sa rai ba ne. Diyyar ɓacin rai da wahala yawanci ɗaruruwan fam ce. Inda ake samun kuɗi mai kauri shi ne inda ka nuna asara da takarda.

Ga wurin da za ka yi tunani sosai. Idan ka karɓi hukuncin ƙarshe, ya hau kan ofishin dole, kuma kotu tana iya tilasta shi. Amma kai ma ya ɗaure ka, ba za ka sake kai su kotu kan wannan maganar ba. Idan ka ƙi, ba ka samun komai daga hukumar, sai dai hanyar kotu tana nan a buɗe. Wanda asararsa ta kai ta gida ko ta dukiyar gado ya nemi shawarar wani lauya kafin ya ce na karɓa.

Idan maganar ta cin amana ce

SRA ba ta jira mako 8, kuma kowa yana iya kai mata rahoto, har wanda ba shi ya ɗauki lauyan ba. Ƙa'idojinta na yanzu, da suka fara aiki 25 ga Nuwamban 2019, sun tsaya kan ginshiƙai bakwai, ciki har da gaskiya, riƙon amana, cin gashin kai, da fifita maslahar wanda ake yi wa aiki. Cike fom ɗin rahoto a shafinta, ka haɗa shaida. Ka sani tun yanzu cewa a nan kai mai ba da labari ne, ba mai ƙara ba. Ita za ta yanke ko za ta bincika, kuma ba ta biyan diyyar rashin kyawun aiki. Mutane da yawa suna jin haushin wannan, kuma haushinsu yana kan hanya. Duk da haka ka kai rahoton, domin wanda ya taɓa kuɗinka da wuya a ce kai kaɗai ya taɓa, kuma sau da yawa rahotanni da suka taru ne ke sa a motsa.

Tana iya tsawatarwa, ta gindaya wa lasisi sharuɗɗa, ta ci tara. A 2022 aka ɗaga iyakar tarar da take yi da kanta daga fam 2,000 zuwa 25,000. Idan ta ga kuɗin jama'a na cikin haɗari tana iya rufe ofishin nan take, ta kwashe fayiloli, ta riƙe asusun. Idan haka ta faru da ofishin da ke maka aiki, wakilin da SRA ta naɗa shi zai ba ka takardunka, amma ba zai ci gaba da shari'arka ba, sai ka nemi sabon lauya da gaggawa.

Manyan laifuka ana kai su Solicitors Disciplinary Tribunal, kotun ladabtarwa mai zaman kanta da ke Landan. Mutum uku ke zama, biyu solisitoci, ɗaya ba lauya ba, kuma galibi a bainar jama'a. Tana iya cin tara ba iyaka, ta dakatar, ko ta soke sunan mutum daga rajista. Wanda aka tabbatar ya yi rashin gaskiya kusan kullum soke shi ake yi. Tushen wannan tsanani shi ne hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 1993 a shari'ar Bolton da Law Society, inda mai shari'a Thomas Bingham ya bayyana cewa mutuncin sana'ar ya fi makomar kowane lauya guda muhimmanci.

Kuɗin da aka ci fa? SRA tana da asusun diyya wanda lauyoyi ke zuba wa kuɗi duk shekara, domin wanda lauya ya cinye wa kuɗi ko ya kasa mayar masa da ajiyarsa. Iyakarsa fam miliyan 2 ga buƙata ɗaya, ana so ka nema cikin wata 12 da gane asarar, kuma ba haƙƙi ne na dole ba, hukumar ce ke auna kowace buƙata. Lokacin da aka rufe kamfanin Axiom Ince a Oktoban 2023, bayan ɓacewar sama da fam miliyan 60 na kuɗin jama'a, wannan asusun aka dosa. Maganar ta kuma nuna cewa ita kanta SRA ba ta fi ƙarfin kuskure ba, don binciken da Legal Services Board, hukumar da ke samanta, ta sa aka yi ya soki yadda ta tafiyar da lamarin.

Kotu: lissafin kuɗi da ƙarar sakaci

Idan takardar cajin ce ta yi maka yawa, sashe na 70 na dokar 1974 ya ba ka damar neman alƙali ya tantance ta. Cikin wata ɗaya da karɓar takardar, haƙƙinka ne kai tsaye. Bayan wata ɗaya sai kotu ta ga dama. Idan ka riga ka biya sai ka kawo dalili na musamman, idan kuma wata 12 sun wuce da biyan, an rufe. Akwai tarko a ciki: idan alƙali bai rage kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ba, galibi kai za ka biya kuɗin zaman tantancewar. Ga ƙaramin caji, Legal Ombudsman ta fi sauƙi kuma ba ta da wannan haɗarin. Zaɓi ɗaya, domin idan ka kai lissafin kotu tana iya janye hannunta.

Ƙarar sakaci kuwa ta wanda asararsa ta haura abin da Legal Ombudsman za ta iya bayarwa ce, kamar lauyan da ya bar wa'adin shigar da ƙara ya wuce, ko ya kasa gano matsala a takardun gidan da ka saya. Kowane ofishin solisitoci dole ya riƙe inshora ta aƙalla fam miliyan 2, ko miliyan 3 idan kamfani ne, kuma inshorar tana ci gaba shekara 6 bayan ofishin ya rufe, don haka rufewarsa ba ta kashe maganarka. Wa'adin ƙarar galibi shekara 6 ne a dokar Limitation Act ta 1980. Sai ka tabbatar da abu biyu, cewa ya yi abin da ƙwararren lauya ba zai yi ba, kuma kuskuren ne ya jawo asarar, wato da ba don shi ba da ka samu abin da ka rasa. Na biyun ne ya fi wuya. Wanda ya faɗi kuma yakan biya kuɗin lauyoyin wanda ya yi nasara, don haka kada ka shiga sai da lauyan da ya ƙware a wannan fannin.

Duk abin da ya gabata na Ingila da Wales ne. Wanda ke Glasgow ko Aberdeen, bayan ya rubuta wa ofishin, Scottish Legal Complaints Commission zai nufa, kuma wa'adinta da iyakar diyyarta daban suke. Na Belfast ma, bayan ya rubuta wa ofishin, Law Society of Northern Ireland zai nufa. Idan kuma lauyan a Najeriya yake, ko da kai kana Manchester ka ɗauke shi kan fili a Abuja ko gado a Zariya, babu ruwan hukumomin Ingila da shi. Kokenka zai bi ta ƙungiyar lauyoyi ta NBA ko kwamitin ladabtar da lauyoyi na LPDC, wanda ke da ikon dakatar da lauya ko soke sunansa.